Alhaji Sambo Ya Kira Gayya

Sunan garin ya ɓace mini. Wani lokaci in ce Funtuwa ce, wani lokaci in ce Malumfashi, domin a duka biyun na taɓa kwana a ɗakin da fankarsa ke kuka kamar akuya. Shekarar ma ta bi shi. Amma mutumin ina riƙe da shi: Alhaji Sambo, mai masaukin baƙi kusa da tashar mota, inda abinci ya fi katifa daɗi nesa ba kusa ba.

Damuwarsa ɗaya ce, ma'aikata ba sa zama. Yau ka saba da mai kawo maka ruwan wanka, gobe ka ga sabuwar fuska tana tambayarka inda ake ajiye bokiti. Alhaji ya yi faɗa, ya yi lallashi, har ya ɗinka musu riguna iri ɗaya. Suka tafi da rigunan.

Sai surukinsa, wanda ya dawo daga wani taron bita a Kaduna, ya ce masa, "Baba, yanzu ba haka ake yi ba. Haɗa su za ka yi, su yi wa unguwa aikin alheri tare. In suka yi gumi wuri ɗaya, jama'a suka sa musu albarka, sai su ji gidan nan nasu ne."

"Wato gayya," in ji Alhaji. "Don wannan ka je har Kaduna? Ai da ka tambaye ni, da ka huta da hanya."

To, gayyar da Alhaji ya tashi ya sani a ƙauyensu ba a yin ta shiru. Ya ɗauko makaɗi, ya ɗauko maroƙi mai murya kamar lasifikar tasha, ya gayyaci duk masu hali na garin su zo su ga irin yaran da Allah ya ba shi. Aka yashe kwata, aka share kasuwa, aka dafa wa jama'a abinci, aka wanke tabarmin masallaci. Ko dardumai ne? A bar shi a tabarmi. Maroƙi kuwa yana bin kowa da kirari:

"Ga Tabawa uwar tukunya, miyarki ta sa baƙo ya manta da motarsa! Ga Ɗantani sarkin guga, karin wandonka na yanka albasa! Ga Lawisa, kin goge daɓe har ƙuda ya zame!"

Alhaji yana ta washe baki, yana cewa, "Ƙara ɗaga murya, na baya ba sa ji!" Masu hali suna ɗanɗana miya, suna gyaɗa kai, suna jan ma'aikatan gefe ɗaya bayan ɗaya.

Kafin watan ya mutu, Tabawa tana girki a otal ɗin tsallaken titi, Ɗantani yana guga a gidan wani ɗan kwangila, Lawisa ma an ce har da babur aka zo ɗaukarta. Alhaji da kansa ya koma kai wa baƙi ruwan wanka, babbar riga naɗe a kafaɗa. Mutum ɗaya ya rage masa, Cindo mai wanke-wanke.

Abin da ya biyo baya na daɗe ina zaton ƙarin gishiri ne na masu ba da labari, sai da na gamu da Cindon a wurin wani ɗaurin aure, na tambaye shi, ya ce haka aka yi.

Alhaji ya same shi a bakin famfo, ya dafa kafaɗarsa, ido ya ciko da ƙwalla.

"Cindo, duk cikinsu kai kaɗai ne ɗan halak. Kai kaɗai gayyar nan ta ratsa. Faɗi abin da kake so in yi maka."

"Komai, Alhaji?"

"Komai, in dai bai fi ƙarfina ba."

Cindo ya goge hannu a riga, ya sunkuyar da kai.

"To a taimaka a sake kiran gayya, Alhaji. Ranar waccan zazzaɓi ya kwantar da ni, maroƙi bai gan ni ba."