Gwiwata da Amfilifaya Mai Murya Biyu

Ba zan taɓa mantawa da ranar auren Saratu ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta. Ni ne mai kaɗa jita a kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan cocinmu, a wani ƙauye kusa da Malumfashi, kuma a lokacin ina neman ƙanwar amarya, Rifkatu. Mahaifinsu, Baba Dogara, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Abin da kawai ya gaya wa kawuna shi ne, "Bari in ga natsuwar yaron tukuna." Saboda haka na ƙudura cewa ranar bikin nan zai ga natsuwa har sai ta ishe shi.

Cocinmu na da wata tsohuwar amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, mai murya ɗaya. Ba ta da wani tarkace, ka jona jita, ka murɗa ƙara, shi ke nan. In ka taɓa tsirkiya a hankali ta yi maka taushi, in ka buga da ƙarfi ta ɗan yi gurnani. Ni kuwa na raina ta. Da aka yi girbin masara na tafi Funtua na sayo sabuwa mai murya biyu, ɗaya mai sanyi, ɗaya mai ruri, da wani ɗan akwatin ƙarfe da ake ajiyewa a ƙasa. Ka taka shi da ƙafa, murya ta sauya.

Bitrus, mai buga mana ganga, ya sa na gwada su gefe da gefe. Ya saurara, ya karkata kai.

"Mutumina, tsohuwar ta fi zaƙi. Sanyin sabuwar nan kamar shayin da aka cika wa ruwa."

"Kunnenka ne na ƙauye," na ce masa. (Ni ma na ji abin da ya ji, amma wanda ya sayar da masararsa ba ya yarda da irin wannan magana.)

Ranar biki coci ya cika har waje. Da safe na yi ta wasa da murya mai ruri, na ƙure mata ƙara don in burge samari, sannan na koma mai sanyi na manta da ita. Aka zo wurin waƙar miƙa amarya, wadda ake yi a hankali. Rifkatu ce ke rerawa, ni ina bin ta da jita. Mata sun fara share hawaye da bakin gyale. Gaskiya na ji daɗin kaina.

Sai ga Baba Dogara ya taso zai je gaba, hanyarsa kuma ta gabana ta bi. Ya tsaya, ya dube ni. To, wane ɗan mutunci ne uban yarinyar da yake nema zai tsaya a gabansa, shi kuma yana tsaye ƙiƙam? Na zube ƙasa, jita a wuya.

Gwiwata ta sauka daidai kan akwatin nan.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta ƙarar ba. Jitar ta fuskanci amfilifaya, suka haɗu suka tsala wani ihu kamar injin niƙa ya haɗiye dutse. Jarirai suka ɓarke da kuka. Fasto ya saki makirfo. Wata tsohuwa ta yi waje tana kiran sunan Yesu, takalminta ɗaya a hannu. Rifkatu ta tsaya baki buɗe a tsakiyar baiti.

Ni kuma ba damar tashi, don Baba ya riga ya dafa kaina, kuma ba a miƙewa babba bai gama gaisuwa ba.

"Ya mutanen gida?" in ji shi, hankali kwance.

"Lafiya lau, Baba!" na kurma ihu.

"Ya mahaifiyarka da ƙafa?"

"Da sauƙi, Baba!"

Sai da Bitrus ya tsallake ganguna ya fizge waya daga soket sannan duniya ta yi shiru. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ko shinkafar biki ban tsaya ci ba, na sulale gida ina cewa a raina Rifkatu kam ta wuce ni.

Bayan an kwana biyu kawuna ya je ba da haƙuri. Ya dawo yana dariya har da riƙe ciki. Ashe kunnen Baba ya daɗe da yin nauyi, ba ya dai son a sani. Wai cewa ya yi, "Haƙurin me? Shekaru ina zama a cocin nan ina ganin bakuna na motsi. Kiɗan yaron nan ne kaɗai na ji a auren 'yata. Ga shi ana ta gudu, shi bai ko motsa ba sai da na gama gaishe shi. Ku turo magabata."

Yanzu 'ya'yanmu biyu da Rifkatu, kuma har yau in muka yi saɓani takan tuna mini baitin da na katse mata. Abin da na koya dai shi ne, durƙusa wa manya wajibi ne, amma kafin ka kai gwiwa ƙasa, ka duba abin da ke ƙasan.