Ranar da Na Yi wa Safiya Liƙi

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a unguwarmu ta Bronx ba, shekarar da na shiga ajin koyon karatu na manya. Makarantar 'yata Safiya tana da wani tsohon wasan kwaikwayo mai waƙa da rawa da aka ɗauko daga Landan, suna maimaita shi duk bayan 'yan shekaru, tun kafin in baro Kumasi. A wannan karon Safiya ce tauraruwar.

Abu ɗaya ta roƙe ni da safe, da Hausarta mai gauraye da Turanci: "Baba, don Allah ka zauna kawai. Kar ka yi komai." Na ce to.

A ƙofa aka ba kowa ɗan littafi. Na ƙudura da kaina zan karanta shi (wata bakwai ke nan ina ajin, na fara jin kaina). Shafukan farko tarihin wasan ne a makarantar, da hotunan 'yan matan da suka taɓa fitowa a matsayin da Safiya za ta fito, na farkon ma ba launi. Ina bin baƙaƙen da yatsa har na iske sunanta a ƙasa. Na karanta shi sau uku. Kafin in kai shafin ƙarshe aka rage fitilu.

Da ta fara waƙar bankwana, sai Alhaji Issaka, abokina ɗan Nijar mai tebur a Fordham Road, ya zungure ni.

"Malam, 'yarka ce fa! Kana zaune kamar an dasa ka? A garinku haka ake yi?"

A garinmu ba haka ake yi ba. Na miƙe, na hau dandamali da babbar rigata, na manna mata dala a goshi, na ƙara wata, har da ɗan taka rawa. Sai na ji kiɗan ya tsaya. Na waiwaya in ga masu biyo ni, ba kowa. Issaka yana duban takalminsa.

Nan na tuna roƙonta. Na ce shi ke nan, na ɓata mata ranar da ta yi wata uku tana shiri. Amma yarinyar nan ta kama hannuna, ta ci gaba da waƙarta ba kiɗa, ta raka ni har bayan labule kamar ni ne wanda take wa bankwanar. Masu kiɗa suka bi ta, ɗaki ya ɗauki tafi.

Bayan labule malamarsu ta buɗe min shafin ƙarshe tana danne dariya. Na karanta da kaina, a hankali: kada kowa ya matso dandamali.

Muka kamo hanyar gidanmu a Concourse Village a ƙasa, Safiya na gaba ina biye da ita. Sai a bakin gida ta juyo.

"Baba, ai ko rawar ba ka iya ba."

Ta fashe da dariya ta riƙe hannuna.

Tun ranar, duk takardar da aka miƙo min, daga shafin ƙarshe nake fara karanta ta. Kuma ba na zama kusa da Issaka.