Makunni Biyu a Gidan Surukai

Har in mutu ba zan taɓa mantawa da fitilar zauren Alhaji ba. Shekarar da soja suka miƙa mulki ce, ina koyon kwamfuta a wata 'yar makaranta a Gyaɗi-Gyaɗi, ina kuma neman auren Binta, 'yar Alhaji, a Tarauni.

Sati biyu kacal muka yi a lissafin Boolean. Malam ya kawo ƙwan lantarki da makunni biyu. In sai an kunna duka biyun ƙwan zai kama, sunansa AND. In ɗaya ma ya wadatar, OR ke nan. Ya ce kowane haɗi a gwada shi ta hanyoyi huɗu. Ni kuwa tuni kaina ya kumbura (har biro biyu nake saƙalawa a aljihu).

Rannan na je gaida Alhaji, na ji yana cewa yana son ya riƙa kunna fitilar zaure daga zauren ko daga tsakar gida. Wa ya aike ni? Na ce, "Baba, ai wannan OR ne, karatunmu ke nan. Kada a kira kowa."

Na haɗa waya, na danna makunnan biyu, ƙwai ya kama. Gwaji ɗaya, na kakkaɓe hannu. Ashe AND na haɗa.

Washegari bayan magariba kawunnaina suka zo neman aure, ni ina laɓe a shagon tela na kusa. Kawu Sani ya buɗe baki ke nan, Hajiya, mahaifiyar Binta, ta ga makunni a kunne a tsakar gida ba ya haska komai, ta kashe. Zaure ya yi ɗif, gidajen maƙwabta kuwa tar! Alhaji ya yi ta danna nasa, shiru.

Sai ya ce, "A kira min injiniyan."

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Na shigo da tocilar tela, dattawa shida suna kallona, gumi har cikin takalmi.

"Malam Injiniya, wannan shi ne OR ɗin?"

Na ce, "AND ne, Baba."

"To, Alhaji Sani, na ba shi Binta. Sharaɗina ɗaya, kada ya sake taɓa waya a gidan nan."

Tun daga ranar na koyi cewa karatun sati biyu a aji ake barinsa, ba a kai shi gidan surukai. Yau 'ya'yanmu biyar, amma ko ƙwai ne ya mutu, Binta ba ta faɗa min sai an canza.