Shehin Caji da Kunnen Gwaggo

Kai, Allah ya yi mana baiwa a ofishinmu! Wasu ma'aikatun da janareta suke taƙama, mu kuwa da Shehin Caji. Shekara goma sha ɗaya bawan Allahn nan yana nazarin kalmar Turanci guda ɗaya tak, wato caji. Aikinsa na ainihi buga hatimi ne, amma wa zai dami masani da hatimi? Takardu sun taru a teburinsa har sun kai masa haɓa.

Ran nan gwaggonsa ta shigo da 'yar na'urar ji da aka ba ta a asibiti. Abar ta mutu tun jiya. Ga shi 'yarta ta haihu a nesa, ƙarfe huɗu za ta bugo waya, tsohuwa kuma ba ta da buri sai ta ji kukan jikanta. Ta miƙa masa takardar da ke cikin kwalin.

Shehi ya gyara tabarau, ya ci karo da kalmarsa. Wayyo daɗi!

"Gwaggo, kin zo gidan abin. Caji a kotu tuhuma ce. A fagen yaƙi, afka wa maƙiyi. A wajen masana lantarki kuwa, to, nan sai an nutsu."

Gwaggo na murmushi tana gyaɗa kai. Shehi har da ƙwalla. Yau ga mai sauraron da bai tuna yana da uzuri ba! Ya miƙe tsaye, ya zana a bayan wata takardar neman hutu, ya zagaya asibiti, ya leƙa filin ƙwallo. Uku da rabi ta wuce. Ni dai raina ya gama ɓaci.

Mai shara ce ta gaji. Ta jingine tsintsiya, ta zare wayar daga kwalin, ta cusa a soket ɗin bayan kujerarsa. Huɗu saura biyar ta maƙala wa tsohuwa abarta a kunne.

Gwaggo ta zabura. "Af! Ashe magana kake, ɗan nan? Na zaci wani abu ne ya maƙale maka a haƙori."

Shehi ya yi gyaran murya. "Ba komai, bari in ɗauko daga farko. Caji a kotu..."

Gwaggo ta saurara na numfashi biyu. Sai ta lalubi ɗan maɓallin, ta kashe.

"Yi haƙuri, ɗana. Kar ya ƙare kafin jikana ya yi kuka."