Sarkin Ɗigon Bakomai

A wani gari da ake kira Bakomai, wanda babu shi a taswira amma da wuya a ce mai karatu bai taɓa kwana a cikinsa ba, an yi wani ɗan kwangila mai suna Alhaji Sallau. Mutum ne mai tumbi da yawan dariya, bai taɓa musu da wanda ya fi shi kujera ba. Ya san gini ciki da waje, don a kan rufi ya tashi, amma tun yana saurayi ya gane cewa iya gyaɗa kai ya fi iya gini kawo tuwo.

Abin alfaharin garin shi ne Zauren Shawara, inda Mai Gari Shayabo ke zama da Majalisar Hakane. Zaure ne ƙato, sama kwano, ƙasa da shi silin, tsakaninsu wani fili mai duhu da katakon rufi ya ratsa. Maginan da suka yi shi sun bar masa kafofin iska, ƙanana a ƙarƙashin bakin kwano inda iska ke shiga, manya can ƙololuwa inda take fita. Haka ma kowane gida a garin yake.

Illar kafa ita ce ba iska kaɗai ke bi ta cikinta ba. Zauren yana jingine da Kasuwar Sai Haƙuri. Wata ranar kasuwa Mai Gari yana tsakiyar bayanin yadda ya wadata gari da ruwan sha, sai ga muryar wata mai kunun zaƙi ta sauko daga sama, tar a kunnen kowa: “Ruwa? Ai rabona da ganin ruwa a famfo tun ina amarya!”

Mai Gari ya juya ga Barau, Wazirin Kwantar da Hankali.

“Waziri, wannan daga ina?”

“Iska ce, ranka ya daɗe. Iskar bana ba ta da tarbiyya.”

“To a toshe ta.”

“Haka ne!” in ji majalisa baki ɗaya.

Kafin la'asar an kafa Dokar Rufin Asiri: duk wata kafar iska a Bakomai, ta zaure da ta gida, a liƙe ta da siminti. Sallau ya san abin da zai biyo baya. Har ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ji an ambaci sunansa a matsayin wanda zai yi aikin, sai ya mayar da buɗe bakin hamma.

Ya yi aiki kuwa mai kyau. Ko sauro bai bar wa hanya ba.

Da farko kowa ya ji daɗi. Majalisa ta daina jin kasuwa, kasuwa ta daina jin majalisa, aka sami zaman lafiya irin wanda ba a taɓa samu ba. Amma numfashin mutane bai san da doka ba. Shi da tururin girki da na ruwan wanka suka ci gaba da tashi sama, suna kutsawa ta tsagin silin. A da iska ke kwashe su ta fitar. Yanzu sai su tarar da kwano ya yi sanyi da asuba, su zama ruwa kamar gumin murfin tukunya, su gangaro kan katako.

Ɗigon farko a kan rawanin Mai Gari ya sauka, a tsakiyar rani, babu ko ƙyallin hadari a sama.

Barau bai ko ƙifta ido ba. “Ranka ya daɗe, garuruwa na can suna roƙon ruwa a fili. Mu a zamaninka a cikin ɗaki yake same mu.”

Aka yi ta tafi. Nan take aka ƙirƙiro sarautar Sarkin Ɗigo aka naɗa Sallau, aka ba shi kujerar girma a tsakiyar zaure, daidai ƙarƙashin babban katakon da ya riƙe rufin. Aikinsa shi ne ya tabbatar kowane ɗigo ya sami kwanon da zai tare shi. Ya ɗebi ma'aikata, yawancinsu 'ya'yan ƙannensa, kowa da langa a hannu.

Kasuwa ta buɗe. Masu kwanuka suka yi gidaje, masu maganin tari suka ƙara shaguna, masu fenti suka tafi Makka. Da silin ya fara yin tabo baƙi-baƙi na funfuna, Barau ya gano cewa babban tabon ya yi kama da fuskar Mai Gari, sai aka riƙa kawo baƙi su gani. Warin ruɓa kuwa aka raɗa masa suna Ƙanshin Ci Gaba.

Mutum ɗaya ce ba ta yi tafi ba, Hajiya Lantana, matar Sallau. Wata safiya ta fito da akwatin atamfofinta ta juye a gabansa yana karin kumallo. Duk sun yi tsanwa-tsanwa, wasu sun manne da juna.

“Alhaji, dubi albarkar da ta sauka a ɗakina.”

“Haba Hajiya, a shanya su mana.”

“Na shanya zani. Ƙirjina fa, a wace igiya zan shanya shi? Tun sanyin bara nake tari. Garin tuwo ya dunƙule, gero ya tsiro a cikin buhu. Kai ka toshe, kai ka san maganin.”

“Rage murya, don Allah.”

“Wa zai ji? Ba ka liƙe ko'ina ba?”

Sallau ya yi dariya, ya ture kokon da yake sha gefe.

A zaure ma tari ya yi yawa har ba a jin “haka ne” sosai, don haka aka kafa kwamitin bincike. Kwamitin ya yi abin mamaki, ya gano gaskiya: danshin daga numfashin jama'a da tururin girkinsu yake fitowa. Sallau ya ji sanyi a ransa, ya ce yau dai za a buɗe kafofi. Sai Barau ya karanto shawarar kwamiti. An hana dambu da alale da farfesu. Wanka sai da ruwan sanyi. An hana ajiyar zuciya gaba ɗaya, domin bincike ya nuna ta fi kowane numfashi jiƙa rufi. Sauran numfashi kuma a riƙa yi da tattali.

Ran nan bayan an tashi, Sallau ya sa tsani ya leƙa saman silin. Zafi da wari suka mare shi. Ƙasan kwano ya yi tsatsa, ruwa na reto a jikinsa kamar duwatsun ado, kusoshi sun narke sun bar jan zane. Ya miƙa hannu ya danna babban katakon da ɗan yatsa, yatsan ya shige kamar cikin dafaffiyar kabewa. Ya dubi ƙasa ta ramin da ya shigo, ya hango kujerarsa ta girma tana jiransa daidai wurin.

Washegari ya miƙe a gaban majalisa.

“Ranka ya daɗe, ina ganin da za a ɗan buɗe…”

“A buɗe me, Sarkin Ɗigo?” in ji Barau a tausashe.

Sallau ya dubi fuskoki. Kowa a wurin ya sani, don kowa da tukunya mai murfi a gidansa. Amma duk sun sunkuyar da kai suna duban takalmansu.

“…sabon reshe na ofishina, a unguwar gabas.”

“Haka ne!”

Aka buɗe. Ya koma ya zauna, yana ɗan karkatar da kujerar gefe kaɗan-kaɗan.

Lantana ba ta jira kwamiti ba. Ta ɗauki taɓarya ta hau turmi ta fasa simintin da ke ƙarƙashin bakin kwano, sannan ta aro tsani ta fasa na ƙololuwa, don ta ce iska baƙuwa ce, in ba ta ga ƙofar fita ba ba ta shiga. Sallau ya dawo ya tarar da ɓaraguzai a tsakar gida, ya dafe kai.

“Hajiya, kin kashe ni! Gidan Sarkin Ɗigo ne fa!”

“To Sarki ya shiga ya ji.”

Ya shiga. Wata iska mai sanyi ta shafi wuyansa, ya yi ajiyar zuciya mai tsawo kafin ya tuna haramun ce.

Kafin wata ya juya ɗigo ya tsaya, tari ya lafa, Lantana ta turara dambu ta aika wa maƙwabta. Taɓaryar ta fara yawo gida-gida a naɗe cikin tabarma. Sallau kuwa kullum zai fita sai ya yayyafa wa kafaɗar rigarsa ruwa, kada a ga ya fito daga busasshen gida.

Rufin zauren ya zaɓi ranar Bikin Ɗigo don ya sauko. An cika maƙil, an jera kwanuka sabbi, Mai Gari ya miƙe zai yi jawabi. Sallau ne ya fara jin ƙarar, wata 'yar ƙara kamar an taka busasshiyar ƙwarya. Tumbin nan nasa bai hana shi tsallake kujeru biyu ba. Babban katakon ya sauko ya raba kujerar girma gida biyu, silin ya biyo shi jagab, ya lulluɓe majalisa da baƙin ruwa da kashin jemage. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba, sai rawuna da suka lalace da goshin Barau da ya kumbura.

Ta ɓarakar da ta buɗe hasken rana ya shigo, iska ta biyo shi, hayaniyar kasuwa ta biyo iskar. Na ɗan lokaci kowa ya manta da doka, aka ja numfashi har ƙasan ciki. Wani dattijo a majalisa har da hawaye.

Sabon kwamiti bai ɓata lokaci ba. Ya gano cewa wasu marasa kishin gari sun fasa kafofi a gidajensu, danshin da suka kora ya rasa wurin zuwa, ya taru a zaure. Aka umarci a sake liƙe ko'ina, a ninka kaurin siminti, a kuma tattara duk taɓaren garin a ajiye a ofishin Waziri. Da aka tambaya daga wane gida abin ya faro, Barau ya yi murmushi kawai ya dubi kafaɗar Sallau, wadda ya manta bai jiƙa ba.

Duk da haka Sallau aka ba aikin sake rufin, don ba wanda ya kai shi iya liƙi. Da ya je karɓar katako, Barau ya nuna masa tarin tsofaffin da aka zaro daga ɓaraguzai.

“Waziri, waɗannan ai sun ruɓe.”

“Sun ga zamani dai. A shafa musu fenti. Sabon katakon an yi wani aikin alheri da shi.”

Sallau ya koma gida ya liƙe nasa rufin da hannunsa, Lantana na tsaye tana kallonsa, kallon da ya fi masa zagi ciwo.

Ranar buɗe sabon zaure gari ya yi kyau. Silin fari tas, ƙanshin fenti ko'ina. Don nuna ƙauna, Mai Gari ya ce a shigo da jama'a duka, maza da mata, a rufe ƙofofi kada ko kalma ɗaya ta jawabinsa ta ɓata a waje. Aka raba wa talakawa hulunan yadi masu hotonsa, kyauta. 'Yan majalisa kuma kowa ya laluba ƙarƙashin kujerarsa ya zaro hular kwano sabuwa fil, ya kifa a kan rawani, wai sabon salon ado ne.

Sallau ya laluba ƙarƙashin tasa. Ya sake lalubawa. Hular yadi ce, mai hoto.

Ya ɗaga kai ya hango Lantana a sahun mata, ta riga ta matsa jikin ƙofa. Ya yi mata alama ta ƙara matsawa.

Barau ya gyara igiyar hularsa a haɓa, ya ɗaga hannu biyu.

“Jama'ar Bakomai! Yau an ɗage dokar numfashi. Kowa ya cika ƙirjinsa, mu yi wa Mai Gari kirari da murya ɗaya, har sai rufin nan ya amsa!”

Suka cika ƙirji.