Ranar da Na Wanke Jirgi a Bayan Baba

Ko tsufa ya cinye ni, ba zan taɓa mantawa da satina na farko a wani shagon ƙaho da ke unguwar Sa'alaba a Jidda ba. Mudir, wato manajan shagon, ya ce gwaji ne: kuskure ɗaya, halas, shi ke nan, in kama gabana. Ni kuwa jikan wanzamai ne, na cika masa baki cewa babu abin da fatar mutum za ta nuna mini sabo.

Sai ga wani dattijo Bahaushe haifaffen Jidda. Ya tuɓe riga ya kwanta rub-da-ciki. Jama'a, jirgin ruwa ne a bayansa, tun daga kafaɗa har ƙugu, da igiyoyinsa da tsuntsaye. Ƙwaƙwalwata (wadda nake taƙama da ita) ta ce jikoki ne suka yi masa ɓarna da biro yana barci. Na jiƙa auduga na hau dirza, har ina faɗa: "Yaran yanzu ba su da kunya, Baba!"

Na dirza har fata ta yi ja. Ban ankara ba ashe mudir yana tsaye a kaina.

"Ya waladi, ɗana," in ji dattijon, "ruwan teku bai wanke shi ba, kai ne da audugarka?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Dattijon ya ce yana saurayi ya yi aikin jirgi har Amurka. A wata tasha ya haɗu da wani tsohon Bature, shi ma tsohon matuƙi, wanda ya ƙare rayuwarsa yana zane a jikin sojoji da 'yan jirgi da allurar lantarki da ya ƙera da hannunsa. Hannun na rawa in ya ɗauki shayi, amma da ya kama allura sai ya tsaya cak. "Na tuba tuni," in ji dattijon, "Allah Ya yafe ƙuruciya. Jirgin ne ya ƙi tashi."

Sai ya ja numfashi, wallahi jirgin ya motsa kamar iska ta buga shi! Layukan sun fi gashi siranta, kuma ko ɗaya bai karkace ba. Na tsaya baki buɗe, na ma manta ana shirin korata.

Mudir ya nuna mini ƙofa. Dattijon ya ɗaga hannu: "Bar shi. Tun rasuwar matata ba wanda ya cuɗa mini baya haka. Yalla, sa ƙahon, amma kada ka huda mini jirgi."

Na tsira da aikina, da sabon suna: Mai Wankin Jirgi. Yanzu ko ƙuda na gani a bayan mutum, sai na tambaya ko nasa ne.