Gaisuwar da Musaddiq Ya Yanke

"...da gajiyar jiya, amarya?" in ji Musaddiq, yana durƙushe ƙofar ɗakin kakarsa Uwaliya. Jiya ta yi wa matan Goronyo bayanin bandar kifi, shi kuma ya ɗauka da waya. Ya gyara bidiyon tsaf, ya zo da ƙafafa a sake yana jiran yabo. Ina!

"Gajiya ta bi miji malalaci. Miƙo in gani."

Ta kalla, ta ƙara kalla, ta ɗago kai.

"Kai, wagga mata wa ta ke? Magana ratata kamar ana korar ta!"

"Ke ce. Na tace ki ne."

"Ka tace ni? Kunu nike?"

"Kunu ya hi ki sauƙi. Na maƙala miki makirho ga mayahi, kin cika shi da taunar goro. Na ce ki dubi waya, kin juya mata ƙeya. Kowa ya shigo sai ki aje kihi ki hau tambayar awakinai. Dut na yanke."

"Da wanga kai naka kamar tulun Rabah ka yanke?"

"Kan da kike kishi kansa?"

Ta yi tsaki, ta sake duba wayar. Sai fuskarta ta canza.

"Ina Suwaiba?"

Suwaiba ƙanwar Uwaliya ce, sun daɗe ba su ga maciji tun rabon gonar gado. Jiya ta shigo tsakiyar bayani, Uwaliya ta tsaya ta gaishe ta gaban kowa. Shi kuwa gogan ya lissafa wannan cikin ɓata lokaci.

"Kaka, ai ba batun kihi ba ne."

"Kihin uwaka! Ɗiyanta na Wurno sun ji ta zo. Su kalli abin ga su ga babu ita, mi za su ce? Uwaliya ta sa an hidda uwarsu! Sulhun da munka yi jiya, kai ka kwance shi yau da ɗan yatsa?"

"Ban tura ma kowa ba tukuna."

"Ka yi ma kanka. Na sake ka. Gobe in auri mai hoton kasuwa."

"Shi da ke hiddo mutane ba kai? Tsaya, ban shahe na asali ba."

Ya lalubo, ya kunna. Ga Suwaiba bakin ƙofa tana jan mayafi, ga Uwaliya ta miƙa mata hannu biyu. Uwaliya tana kallon wayar, idonta ya kawo ruwa, har shi ma ya ji tausayi ya kama shi.

Can ta share ido, ta ƙyalƙyale da dariya.

"Wayyo, Suwaiba ta tsuhwa! Dube ni gehenta, kamar ɗiyarta. Maida shi, kada ka taɓa ko tari."

"To aurena hwa?"

Ta janyo kwando, ta zaɓo tarwaɗa mafi girma ta dangwara masa.

"Na maida ka. Hwara tura ma Suwaiba bidiyon."